Damina ta biyu: abin da Satumba da Oktoba ke tafe da shi a Legas

Auwalu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Auwalu ne daga nan Agege. Yau ina tare da Baba Alhaji, wanda ya haura shekara talatin yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, da kuma Anti Rabi, malamar labarin ƙasa, haifaffiyar nan Legas. Baba, ina gajiya, yaya kasuwa?

Baba Alhaji: Ba gajiya, ɗana. Kasuwa mun gode Allah.

Auwalu: Anti, barka da zuwa. Abin da ya haɗa mu yau shi ne sama. A gida an fara maganar kaka, gero ya nuna, ana cin sabuwar masara. Mu kuma a nan hadari ne ke sake haɗowa.

Baba Alhaji: To ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Akwai wani ɗan ƙanena da ya zo daga gida bana, yana taya ni a rumfa. Da ya ga an yi kwana goma sha ba ruwan kirki a Agusta, sai na iske ya naɗe tamfol ya cusa a ƙarƙashin benci. Na ce masa me ya faru? Ya ce ai Baba damina ta wuce. Na ce maza warware shi, a garin nan damina sau biyu take sallama. Ban ga laifinsa ba, da lissafin gida yake karanta sama. Ni ma shekarar da na zo haka na yi, kuma buhu goma sha biyu na zubar. Albasa in ta sha ruwa a cikin buhu, kwana uku ka ji wari, ka sa hannu ka ji ta yi laushi kamar dafaffiya.

Anti Rabi: Wannan kuskuren, Baba, kusan duk baƙo sai ya yi shi. A Kano ko Katsina damina tudu ɗaya gare ta, ta hau a hankali, ta kai marka a Agusta, ta sauka. A Legas tudu biyu ne. Na farko a Yuni zuwa Yuli, shi ne babba. Sai ta ɗan huta daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta. Sai ta dawo a Satumba da Oktoba.

Auwalu: Me ke sa ta hutawa, Anti? Kullum ina ji ana faɗa, ban taɓa gane dalili ba.

Anti Rabi: Iska biyu ce ke ja-in-ja a kanmu. Ɗaya daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar daga Sahara, busasshiya, ita ce mai kawo hunturu. Inda suke haɗuwa ba ya zama wuri ɗaya. Daga farkon shekara yana matsawa arewa, ruwa na biye da shi a baya, har a Agusta ya ƙetare iyakarmu ya shiga can cikin Nijar. Lokacin ruwan ya koma kan Arewa, ya bar mu. Ga shi kuma a daidai lokacin ruwan tekun da ke gabanmu yana yin sanyi, to hadari ba ya samun zafin da zai tashi ya yi tsawo. Shi ya sa za ka ga sama ta yi lumshi, ga sanyi-sanyi, sai ɗan yayyafi. Da Satumba ta kama sai layin haɗuwar iskar ya juyo kudu, ya sake bi ta kanmu.

Baba Alhaji: Wato ruwan da ya je ya shayar da gonakinmu ne ke biyowa ta nan a hanyarsa ta komawa.

Anti Rabi: Shi ne, Baba. Amma halinsa ya bambanta da na Yuni. Na Yuni yakan wuni yana zuba. Wannan kuwa da tsawa da walƙiya yake zuwa, da iska mai yaye kwano, musamman in aka doshi ƙarshen Oktoba. Sau da yawa da la'asar ko cikin dare. Tsakanin ruwa da ruwa kuma ga zafi mai gumi, irin na agazari.

Auwalu: Amma in na Yuni ya fi yawa, me ya sa mutanen Agiliti da Owode, unguwannin da ke kusa da Mile 12, suka fi tsoron Oktoba?

Baba Alhaji: Bari ni in amsa wannan, don da idona na gani. A 2010, cikin Oktoba, rana ƙwal, ba ko ɗigo a sama, muka ga ruwa yana shigowa unguwa. Da safe yana bakin kwata. Da azahar ya taɓa dokin ƙofa. Kafin magariba mutane na ɗora katifa a ka. Can Ajegunle ta hanyar Ikorodu da kwalekwale ake fita. Wani maƙwabcina mai shayi ya kafa kara a ƙofar shagonsa, yana yi masa zane da gawayi duk bayan sallah don ya ga inda ruwan ya kai. Zanen asuba daban, na la'asar daban. Ban taɓa mantawa da wannan karan ba.

Anti Rabi: Ruwan madatsar Oyan ke nan, kusa da Abeokuta. Kogin Oyan yana zuba a kogin Ogun, Ogun kuma ya gangaro ta Isheri da Kara da bayan Mile 12 ya faɗa tafkin Legas. A ƙarshen damina madatsar ta cika, dole hukumar da ke kula da ita ta rage ruwa, don in aka bari ta ɓalle abin ya fi muni. An sake ganin irin haka a 2019, har masu shanu a Kara suka kwashe dabbobi zuwa tudu. Ga ƙasa ta riga ta ƙoshi tun Yuni, ba ta da inda za ta sa ƙari.

Auwalu: Ga kuma teku.

Anti Rabi: Yauwa, wannan ne mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin kwatocin birnin nan a tafki suke juyewa, tafkin kuma da teku yake haɗe. In teku ya cika, tafki ya tashi, ruwan kwata ba shi da mafita, sai ya tsaya cik ko ma ya dawo baya. Kuma cikar teku da wata take tafiya. Ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu zuwa sha biyar. To mu da muke lissafin watan Musulunci muna da kalandar a hannu. In ruwa mai ƙarfi ya dace da waɗannan kwanaki, mutanen Obalende da Lekki da Ijora su kwana da shiri.

Baba Alhaji: Ikon Allah. Shekara talatin ina ganin abin nan, yau na san da wata a ciki.

Auwalu: Anti, ina mutum zai samu hasashen da zai dogara da shi? Don a WhatsApp kullum ana turo saƙo, wai gobe gari zai nutse.

Anti Rabi: Ka bar saƙon da ba shi da uwa ba shi da uba. Hukumar NiMet ce ke da alhakin hasashen yanayi. Tana fitar da na shekara tun farkonta, sannan tana fitar da na kwana uku-uku, shi ya fi amfani ga mai keke Napep irinka da ɗan kasuwa irin Baba. Hukumar NIHSA kuma ita ke lura da koguna da ambaliya. Ma'aikatar muhalli ta jiha takan yi sanarwa in za a saki ruwan Oyan. In abu ya faru, lambar gaggawa 767 ce ko 112.

Auwalu: Mu masu keke abin da ya fi cutar da mu shi ne ramin da ruwa ya rufe. Hanyar da ka sani kamar tafin hannunka, in ruwa ya shafe ta ba ka san inda kwalta ta ƙare kwata ta fara ba. Ina roƙon 'yan'uwa, in ba ka ganin gefen titi, ka tsaya. Kuɗin lodi ɗaya bai kai inji ba, balle rai. Kuma a guji turakun wuta, waya na iya faɗowa cikin ruwa ba ka sani ba.

Anti Rabi: Ni kuma iyaye mata nake kira. Ruwan ambaliya yana haɗuwa da na masai ya shiga rijiya, ya shiga bututun da ya fashe. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a nan a Yunin 2024 ba. A tafasa ruwan sha, kuma yaro in ya fara gudawa da amai a haɗa masa ruwan gishiri da sukari a wuce asibiti, kada a ce bari a ga safe. Sauro ma yanzu ne lokacinsa, a ɗaura gidan sauro.

Baba Alhaji: Kada ku manta ruwan da zai taɓa tukunyar mutumin Legas ba lallai a Legas ya sauka ba. A 2022 da ruwa ya shafe hanya wajen Lokoja da Koton Karfe, tireloli sun yi kwanaki a layi. Kayan gwari ba ya jira. Abin da ya iso rabi ya ruɓe, farashi kuma ya tashi. Shi ya sa a watannin nan kunnena ɗaya yana nan, ɗaya yana kan kogin Kwara da na Binuwai. Kafin in biya kuɗin mota sai na kira direba na ji yadda hanya take.

Auwalu: To Baba, ku a rumfa me kuka yi zuwa yanzu?

Baba Alhaji: Mun ɗaga buhuna a kan katako, kamu biyu daga ƙasa. Mun sake ɗaure tamfol da sabuwar igiya, don iskar Oktoba ba ta barin tsohuwa. Ranar Alhamis da safe, kafin a buɗe kasuwa, 'yan layinmu za mu yashe kwatar da ke bayanmu, don robar abinci da ledar ruwa sun toshe ta. Na kuma rage yawan kayan da nake saukewa, gara in sayar in sake sarowa. Haka za mu lallaɓa har Nuwamba, lokacin da ruwa ke janyewa, kafin ƙurar gida ta iso mana a Disamba.

Auwalu: Allah Ya kai mu lafiya. Baba, Anti, mun gode. Masu sauraro da ke Agiliti, Isheri da Kara, ku aiko mana da saƙon murya kan inda ruwa ya kai a unguwarku, za mu sa a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku.