Mataimakin Likita: Daga Asibitin Karkara Zuwa Ɗakin Tiyata

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan wani ma'aikacin lafiya da ake kira mataimakin likita, wanda Amurkawa ke taƙaita sunansa da haruffa biyu, PA. Kafin in yi nisa bari in kau da wani ruɗani, don na ji ana ta tambaya tun a ƙofa. Wannan mutum ba nas ba ne, ba kuma ɗalibin likitanci ba ne da ke jiran ya kammala. Mutum ne da aka koya wa duba marar lafiya irin yadda ake koya wa likita. Zai saurari abin da ke damunka, ya duba jikinka, ya tura ka gwaji, ya gaya maka cutar, ya rubuta maka magani. Karatunsa ne bai kai na likita tsawo ba, sannan yawanci aikinsa a ɗaure yake da na wani likita.

Sana'ar a Amurka aka haife ta, kuma larura ce ta haife ta. A tsakiyar shekarun 1960 likitocin ƙasar sun yi ta barin aikin duba kowa da kowa suna komawa ƙwarewa a fanni guda, suna tarewa a birane, aka bar karkara ba mai duba ta. A 1965 gwamnati ta kafa shirye-shiryen Medicare da Medicaid, masu biya wa tsofaffi da marasa ƙarfi kuɗin magani, sai masu zuwa asibiti suka ƙaru. A gefe guda kuma ga tsoffin sojoji da suka yi aikin jinya a rundunar soja, sun tsayar da jini, sun yi ɗinki, sun ƙara ruwa, amma da suka tuɓe kaki babu wata takarda da za ta ba su damar taɓa marar lafiya. Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke, a jihar Karolina ta Arewa, shi ya haɗa waɗannan biyun. Ya ga yadda aka gaggauta horar da likitoci lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya san ana iya koyar da abu mai yawa cikin ɗan lokaci in an sami wanda hannunsa ya riga ya saba. A 1965 ya ɗauki mutum 4, dukkansu tsoffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa. Uku daga ciki suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa a wannan tarihi. A shekarar nan ta 1967, Dakta John Kirklin, shahararren likitan tiyatar zuciya, ya buɗe nasa shirin a Jami'ar Alabama da ke Birmingham, don horar da masu taimaka wa likitan fiɗa. Ke nan tun daga tushe sana'ar reshe biyu gare ta, ɗaya ya nufi asibitin karkara, ɗaya ya nufi ɗakin tiyata. Ku riƙe wannan, za mu ga wanne ya rinjayi wani.

Yau wanda zai shiga sai ya yi digirin farko, kuma yawanci ana so ya taɓa aiki da marasa lafiya. Sannan ya yi kamar wata 27 yana karatun digiri na biyu. Kashin farko a aji, sauran kuma zagayen sassan asibiti na sa'o'i wajen 2,000: likitancin iyali, cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, agajin gaggawa, lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga nan sai jarrabawar ƙasa, sai lasisin jiha. Bayan ya fara aiki, duk shekara 2 sai ya nuna ya yi ƙarin karatu na sa'o'i 100, duk shekara 10 kuma a sake gwada shi. Gwajin na gama-gari ne. Wanda ya shekara goma ba abin da yake gani sai ƙashi, sai ya amsa tambaya a kan ciwon suga da numfashin yara.

To a nan maganata take. Likita idan ya gama makaranta sai ya shiga horon ƙwarewa na shekara 3 zuwa 7, ya fito likitan ƙashi ko na ƙoda ko na fata, kuma da wuya ya sake. In ya so canji, sai ya koma ya sake horo daga farko. Mataimakin likita ba haka yake ba. Takarda ɗaya ce a hannunsa, da ita zai yi shekaru a sashen gaggawa, ya koma tiyatar ƙashi, in girma ya fara kama shi tsayuwar dare ta gagara ya koma asibitin fata. Saboda haka in ka ga takardarsa, ba ka san aikinsa ba tukuna. Abu uku ke yanke masa iyaka: dokar jihar da yake, izinin da asibiti ya rubuta masa aiki bayan aiki, da kuma gwargwadon yardar likitan da suke tare. Mutum biyu ajinsu ɗaya, jarrabawarsu ɗaya, bayan shekara biyar ɗaya ba zai iya riƙe aikin ɗaya ba ko na yini guda.

Bari mu zaga asibiti mu gani.

A asibitin iyali, musamman na karkara, aikinsa kusan na likita ne. Hawan jini, ciwon suga, asma, rigakafin yara, gwajin shekara-shekara. Yana da marasa lafiyarsa da suka san shi da suna. Likitan da ke kula da shi yana iya kasancewa a wani garin, sai dai waya da duba fayil. A 1977 majalisar Amurka ta yi dokar asibitocin karkara da ta sa Medicare ta fara biyan aikin irin waɗannan ma'aikata a can. Rubuta magani kuwa, jihohi 50 duka sun yarje masa, Indiana ce ta zo ƙarshe a 2007.

A sashen gaggawa sau da yawa shi ke riƙe layin waɗanda ciwonsu bai kai ga rai ba: yanka da ke son ɗinki, targaɗe, ƙurji da za a tsaga, yaron da ya cusa wani abu a hanci. Likita sai ya samu sararin fuskantar mai bugun zuciya da wanda mota ta buge. Sai dai kada ku raina wannan layi. Haɗarinsa shi ne wanda ya shigo da ƙafarsa yana cewa ciwon baya ne kawai, alhali babbar jijiyar jini ce ke shirin fashewa a cikinsa. Gwanin wannan wuri shi ne wanda ya san lokacin da zai ajiye biro ya kira likita.

Yanzu mu shiga tiyata, inda nake so in ɗan daɗe, domin nan ne mutane suka fi mamaki.

Likitan fiɗa hannu biyu gare shi, aikin kuwa yana son huɗu. Wanda ke tsaye daura da shi, a ɗaya gefen gadon, shi ake kira mataimaki na farko. Shi ke buɗe wurin ya riƙe don likita ya gani, ya zuƙe jini, ya kama jijiyar da ke zuba ya ɗaure, ya yanke zare, a ƙarshe ya rufe ciwon ya ɗinke fata. Wanda ya ƙware ba ya jira a ce masa yi kaza, hannunsa na riga bakin likita isa wurin. Amma rabin aikin a wajen ɗakin yake. Shi ke duba marar lafiya kafin a shiga da shi, ya tabbatar an tsayar da maganin da ke tsinka jini. Bayan an fito shi ke zagaye da sassafe, ya duba ciwo, ya cire robar da ke fitar da ruwa, ya lura da zazzaɓin da bai kamata ba, ya rubuta sallama. Likita na can ɗakin tiyata tun safe har la'asar, dole wani ya tsaya a kan waɗanda aka yi wa jiya.

Ku ɗauki tiyatar zuciya. Idan hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya suka toshe, ana yi musu wata hanyar ta kewaye. Jijiyar da za a yi kewayen da ita sau da yawa daga ƙafar marar lafiyan ake ciro ta, wata doguwa da ta taso daga idon sawu har matsematsi, wadda ta fi kowace jijiyar jini tsawo a jiki. A asibitocin Amurka da yawa mataimakin likita ne ke ciro ta. Likita na sama yana buɗe ƙirji, shi yana ƙasa a kan ƙafa, lokaci guda. Da can sai an tsaga ƙafar tsawonta. Yanzu ɗan yanka ake yi kusa da gwiwa, a zura kyamara, yana kallon allo yana raba jijiyar da nama, yana datse ƙananan rassanta ɗaya bayan ɗaya. In ya ja ta da ƙarfi ko ya ƙona bangonta, ƙila ba za a gani ba ran nan, amma tana iya toshewa da wuri bayan an ɗinka ta a zuciya. Wannan aiki ba a cikin wata 27 ɗin nan ya iya shi ba. A ɗakin tiyata ya koya, ana tsaye a kansa, har asibiti ya gamsu ya rubuta masa izini. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A sashen ƙashi yana ɗora karaya ya sa siminti, ya yi allura cikin gwiwa ko kafaɗa, ya taimaka wajen sauya gwiwa da ƙugu. Sauran sassan bari in bi su da sauri. A sashen fata yana yankar ɗan nama a kai gwaji. A sashen ciwon daji yana zuƙo ɓargo, ya bi lafiyar masu karɓar magani. A sashen ƙoda yana zagaya masu wankin ƙoda. A sashen ƙwaƙwalwa yana daidaita magunguna. A ɗakin masu tsananin ciwo yana zura roba a babbar jijiya, ya zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji ko a ciki.

Me ya cika asibitoci da su haka? Dalili biyu, kuma babu na soyayya a ciki. Na farko, a 2003 aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa sa'o'i 80 a mako. Da can sukan wuce haka nesa. Aikin da suka bari bai ɓace ba, sai aka nemo mai yi, wanda kuma ba zai bar sashen bayan 'yan watanni ba kamar yadda masu horo ke yi. Na biyu kuɗi. Medicare na biyan aikinsa kashi 85 cikin 100 na abin da take biyan likita, albashinsa kuwa bai ko kusanci na likita ba. Duk mai riƙe da lissafin asibiti ya san abin da wannan ke nufi.

Kun tuna rassan nan biyu? Yau adadin mataimakan likita a Amurka ya haura 150,000, mafi yawansu mata, amma masu aikin duba kowa da kowa ba su kai rubu'i ba. Sassan ƙwarewa sun fi biya, sun janye su, kamar yadda suka janye likitocin tun farko. Ni a ganina sauƙin canza fanni da ake yabon sana'ar da shi, shi ne kuma ƙofar da ta bi ta bar karkara. Ba na zargin kowa, mutum da bashin makaranta a wuyansa inda ake biya zai nufa.

Na ga hannu a baya. Bismillah, Malama.

Malama tana tambaya ko zai iya yi wa mutum babbar tiyata shi kaɗai. A Amurka, a'a. Ƙananan ayyuka yana yi da kansa, amma babbar tiyata likitan fiɗa ne mai ita, shi ke yanke shawara, shi ke ɗaukar nauyi. Akwai masu yin ƙarin horo na shekara guda ko fiye, asibitin Montefiore a New York ya fara irinsa a 1971, kuma tun 2011 akwai takardar shaidar ƙarin ƙwarewa a fannoni irin su tiyatar zuciya da ƙashi da agajin gaggawa. Duk da haka ba su mai da mutum likitan fiɗa.

Tambayar taki ta kai mu inda ake ja-in-ja. Ƙungiyarsu a Amurka tana neman a sassauta ɗaurin da ke tsakaninsu da likita, kuma jihar Dakota ta Arewa ta yi hakan a 2019 ga mafi yawan wuraren aiki. Ƙungiyar likitocin Amurka ba ta yarda ba, hujjarta tazarar shekarun horo. Ni ina ganin kowanne na da tasa gaskiyar. Wanda ya shekara ashirin a fanni ɗaya, tilasta masa neman sa hannu a kan kowane ƙaramin abu ɓata lokaci ne. Amma takardar da ke hannunsa ita ce a hannun wanda ya fito bara, marar lafiya kuma ba shi da hanyar bambance su.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan. Ta fara ɗauko su daga Amurka a 2003, daga baya ta horar da nata, ba tare da ba su ikon rubuta magani ba. Aka yi shekaru babu hukumar da doka ta ɗora wa kula da su, sai a Disamban 2024 hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta karɓe su. Kafin nan an sami mace-mace inda marar lafiya da danginsa suka ɗauka likita ne ya duba shi. Gwamnati ta sa Farfesa Gillian Leng ta yi bincike, rahotonta ya fito a Yulin 2025. Ba ta ce a soke sana'ar ba. Ta ba da shawarar a daina kiran su da sunan da aka ba su a can, mai nufin abokan aikin likita, a kira su da sunan da zai nuna ƙarara mataimaka ne, sabon fitowa ya fara yin shekara 2 a babban asibiti kafin ya koma asibitin iyali, kuma kada a bar musu marar lafiyan da ba a riga an tantance ciwonsa ba, sai a wuraren da aka fayyace a rubuce.

Shugaba yana nuna mini agogo. Sauran tambayoyin a miƙo su a rubuce. Na gode, wassalamu alaikum.