Hagu ko dama: a wane gefen baka ake ɗora kibiya?

[Hoto: fili a bayan gari, an jingina buhun ƙaiƙayi a jikin tudun ƙasa. Saurayi ya ɗana kibiya, bai gama ja ba ta zame ta faɗi.]

Assalamu alaikum. Abin da kuka gani yanzu shi ne ya fito da mu yau. Tun da fina-finan tarihin Turkiyya suka shiga wayoyin matasa, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisu da Facebook da TikTok. Wasu sun ce kibiya a dama ake ɗora ta, ai ga jarumai can suna yi a kan doki. Wasu sun ce a hagu, ai ga 'yan gasar Olamfik. Har an fara cewa wai duk mai ɗorawa a hagu Bature yake kwaikwayo. To, mun zo wani ƙauye a yankin Gwaram, mun sami wani dattijon maharbi ya yarda ya ba mu aron fili da kayan aiki, da sharaɗin kada mu harbe masa akuya.

Kafin mu fara, duk abin da zan faɗa na mai riƙe baka da hagu ne, yana ja da dama. Idan kai bahago ne, sai ka juya komai.

[Hoto: an shimfiɗa kayan a kan tabarma.]

Kayan aiki a gurguje. Baka, tsirkiya, kwari, kibau. Jikin kibiya kyauro ne, kai kuma ƙarfe ne daga maƙera. Ku lura da gindinta, babu gashin tsuntsu. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba. Tsayuwa: gefenka ya fuskanci abin hari, ƙafa a buɗe daidai kafaɗa. Kada ka taɓa ja ka saki tsirkiya ba kibiya, ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya cikin itacen zai koma, baka ya tsage. Shi ke nan, mu wuce.

[Hoto: kyamara ta matso kan hannun dama kaɗai.]

Yanzu ku manta da baka. Ku kalli hannun da ke jan tsirkiya, domin shi ne yake yanke hukuncin gefen da kibiya za ta zauna.

Salo na farko, yatsu uku. Manuniya a saman kibiya, biyu a ƙasa. Yatsun sun zagayo tsirkiya daga dama, kawunansu suna kallon hagu. Idan ka saki, yatsu ba sa iya kaucewa da saurin tsirkiya. Ita ce take ture su ta wuce, kuma ta inda kawunansu suke take zamewa. Ke nan kafin ta tafi gaba, sai ta ɗan goce hagu.

Salo na biyu, babban yatsa. Tafin hannu yana kallon ƙasa, babban yatsa ya shigo ta hagun tsirkiya ya lanƙwashe, kansa yana kallon dama, manuniya ta kwanta a kansa ta kulle. Ka buɗe makullin, tsirkiya ta zame. Ina ta nufa? Dama.

Ku sake gani. Yatsu uku, hagu. Babban yatsa, dama. A maimaita mana a hankali.

[Hoto: sakin biyu gefe da gefe, an rage gudun bidiyo.]

Me ya sa wannan 'yar gocewar take da muhimmanci? Saboda kibiya ba a miƙe take fita ba, ko da ido yana ganin haka. Tsirkiya ta hankaɗo ta daga baya da ƙarfi, ƙarfen da ke gaba yana da nauyi, bai tashi da wuri ba, sai kyauron da ke tsakaninsu ya lanƙwashe. Gefen da tsirkiya ta goce shi yake zaɓar inda lanƙwasar farko za ta nufa. Da yatsu uku da kibiya a hagu, cikin kyauron yana fara shiga wajen baka, sannan ya dawo ya bankare waje daidai lokacin da yake wuce mariƙi. Sai kibiya ta kewaye itacen ba ta doke shi ba, ta tafi tana karkaɗa jiki kamar tarwaɗa a ruwa har ta daidaita. Da babban yatsa da kibiya a dama, abu ɗaya ne yake faruwa, a juye kawai.

Maharba sun daɗe da sanin wannan a hannunsu ba tare da sun gani da ido ba. Sai a shekarun 1930 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Clarence Hickman, ya ɗauki fitar kibiya da kyamara mai sauri, aka ga lanƙwasar ƙiri-ƙiri. Yau wayar da ke aljihunka ma tana iya nuna maka, in dai tana da tsarin rage gudu.

[Hoto: saurayin ya koma layi, an zana masa iyaka da toka.]

To bari mu cakuɗa, yadda yaran suke yi. Yatsu uku, kibiya a dama. Ku saurari ƙarar. Kun ji wannan ƙas ɗin? Gindin kyauro ne ya doki baka. Lanƙwasar ta zo a gefen da ba a buƙata, maimakon ta kauce wa itacen sai ta shige shi. Ga inda ta sauka, can dama da buhu, kuma a karkace.

Yanzu akasin haka: babban yatsa, kibiya a hagu. Wannan ita ce wadda kuka gani a farko. Manuniyar da ta kulle babban yatsa tana danna kyauro zuwa hagu. Idan kibiya tana dama, wannan dannawar matse ta take yi a jikin baka, shi ya sa mahayin doki yake iya sukuwa da kibiya a ɗane, ya juya, ya sunkuya, ba ta faɗi ba. Idan tana hagu, ture ta kake yi da kanka. Ba aljani ba ne, ba kuma wani ne ya yi maka baki ba.

Abin da yaran suka kwafo daga fim rabin aiki ne. Sun ga gefen kibiya saboda kyamara tana nuna shi, ba su ga zoben da ke babban yatsa ba. Turkawa da Mongol da Farisawa da Koriyawa da babban yatsa suke ja, da zobe na ƙaho ko ƙashi ko ƙarfe don kada tsirkiya ta yanke nama. Japanawa safar fata suke sawa, amma su ma kibiya a dama take. A 2019 hukumar UNESCO ta sa harbin baka na gargajiyar Turkiyya cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai masu cewa yatsu uku aikin Bature ne, ga tsokana ɗaya: Mete Gazoz, wanda ya ci zinare a Olamfik ta Tokiyo a 2021 daga nisan mita 70, Baturke ne, kuma da yatsu uku yake ja.

Wani zai ce ai ya ga wani ɗan Denmak, Lars Andersen, a bidiyon da ya karaɗe duniya a 2015, yana ɗora kibiya a dama yana harbi da sauri kamar ba gobe. Haka ne, ana iya karya ƙa'idar. Akwai dabarar murza hannun baka a lokacin saki, a kawar da itacen daga hanyar kibiya, tsofaffin littattafan harbi na Larabawa sun yi bayaninta. Amma wannan aikin wanda ya riga ya ƙware ne. A ra'ayina, wanda bai iya sa kibau biyar a cikin buhu ɗaya ba, bai kai lokacin murza hannu ba.

[Hoto: Baba, dattijon maharbin, ya tashi daga tabarma, ya karɓi bakansa.]

Duk wannan surutun Baba yana zaune yana kallonmu. Ga nasa salon. Ku matso da kyamara. Ba yatsu uku ba ne, ba kullen babban yatsa ba ne. Gindin kibiyar ya matse tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ɗora na tsakiya a kan tsirkiya yana taimakawa. Wani masani ɗan Amurka, Edward Morse, da ya rarraba salon sakin kibiya na al'ummomin duniya zuwa gida biyar a 1885, matsewa zalla ya sa a gida na farko, wadda ake taimaka mata da wasu yatsu a kan tsirkiya kuma a gida na biyu. Amfaninta shi ne idan ka buɗe yatsu, tsirkiya kusan a miƙe take tafiya, gocewar kaɗan ce. Shi ya sa gefen kibiya bai dami mai wannan salon sosai ba. Illarta kuma, ba ka iya jan baka mai ƙarfi da ita, kyauron zai kuɓuce maka tun kafin ka kai.

Na tambaye shi, "Baba, hagu ko dama?" Ya ce, "Yaro, inda hannuna ya saba."

[Hoto: Baba ya harba sau uku a jere. Babu magana, sautin fili kawai.]

Mu koma kan gashin tsuntsun da babu. Gashi a gindin kibiya birki ne, yana kama iska ya miƙar da ita ko da sakin bai yi kyau ba. Tamu ba ta da wannan gatan. Nauyin ƙarfen gaba ne kaɗai yake jan ta ta tafi a miƙe, kuma ba a nesa mai yawa ba. Duk kuskuren da yatsa ya yi, da shi za ta isa. A zamanin da, maharba ba su dogara da ƙarfin baka ba, sun dogara da sanɗa har su matso kusa, da kuma dafi, musamman na kwankwani, wanda yake tsayar da zuciya. Ba za mu taɓa maganar haɗinsa a nan ba, kada ma a tambaya. Kuma kada kowa ya raina wannan ɗan guntun kyauro. A Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka a ƙasa ne ƙashin bayan rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ta karya dawakan Sarkin Gobir Yunfa.

Ga mafarauci Musulmi kuma, karkatar kibiya ba maganar gwaninta ba ce kaɗai. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce abin da makamin ya kashe da kaifinsa a ci, wanda ya buge da gefensa ya mutu kuwa kada a ci. Ke nan zomo ko zabon dajin da kibiya ta maka da faɗinta ya mutu kafin ka yanka, ka yi asarar sanɗa, ka yi asarar nama.

[Hoto: kibau a jikin buhu, an ɗauko daga sama.]

Ga yadda za ka gwada da kanka, kuma buhu ne malaminka. Tsaya kusa, taku 10 ya isa. Zaɓi salo ɗaya, ka sa kibiya a gefen da ya dace da shi. Kada ka damu da inda kai ya shiga, kalli inda gindi ya nuna. Idan gindin yana kallonka, saki ya yi. Idan kullum gefe ɗaya yake karkata, matsalar taurin kyauro ce. Ga mai yatsu uku, gindi ya karkata dama, kibiya ta sauka hagu, kyauron ya yi tauri: nemi mai tsawo ko ka ƙara nauyin kai. Gindi ya karkata hagu, ya yi laushi: rage tsawo ko ka nemi mai kauri. Mai babban yatsa ya juya lissafin. Idan kuwa yau dama gobe hagu, bar kyauro ya huta, yatsunka ne ba su zauna ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya gyara ba.

Sauran a taƙaice. Hannun ja ya riƙa tsayawa wuri ɗaya a fuska, gefen baki ko kusa da kunne. Karkata baka kaɗan, musamman in a durƙushe kake. Ɗaura fata a hannun hagu, don dukan tsirkiya ba ya tambayar shekaru. Mai gwada babban yatsa ya fara da baka mai laushi da 'yar fata a yatsa, ciwon gaɓar nan yana daɗewa.

Kada a koyi hari a jikin kaza ko kadangare, hadisi ya hana mai da abu mai rai abin gwajin harbi. A tabbata akwai tudu ko katanga a bayan buhu, yara kuma su tsaya a bayan mai harbi. Dajin Falgore a Kano da na Baturiya a Jigawa gwamnati ta killace su, doka ta hana farauta a ciki.

[Hoto: saurayin ya gyara, babban yatsa, kibiya a dama. Ta shiga gefen buhu, gindi a miƙe.]

Madalla. Bai kai tsakiya ba, amma a miƙe ta shiga. A jawo buhun baya taku biyar, ya sake.