Darasin gona: yadda darbejiya ke shuka kanta

Assalamu alaikum manoma da sauran masu sauraro. Yau darasinmu a kan darbejiya ne, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro. Baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta ƙasashen Indiya da Bama (wato Myanmar), a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bi bakin titi da kasuwanni da shingen tare hamada har ta cika ƙauyukanmu na Kano da Jigawa.

Gane ta ba wuya tun tana ƙarama. Ganyenta jere yake bibbiyu a jikin kara ɗaya, bakinsa kamar haƙorin zarto, sabon toho kuma ja-ja ne. Furenta fari ne ƙanana mai ƙanshi, ɗanta kore, in ya nuna ya koma rawaya, ƙwallo ɗaya a ciki.

To, a nan maganar take. Jemage da tsuntsaye su ne masu shukar. Su tsotse zaƙin, su yar da ƙwallon a inda suka sauka, shi ya sa za ka tarar da 'ya'yan darbejiya cunkus a gindin tsamiya, ɗorawa ko gawo. Ƙwallon ba ya daɗewa da rai, 'yan makonni ne, amma in ya samu danshin damina sai ya tsiro. Cikin shekara 3 zuwa 5 ita ma ta fara 'ya'ya. Gawo yana kakkaɓe ganye da damina ya bar wa gero rana, ita kuwa inuwarta na nan daram, ga saiwa mai jan ruwa.

Kuskuren da aka fi yi wajen kawar da ita daga gona shi ne sara da gatari a tafi. Kututturen zai fito da toho biyar ko goma, saiwar gefe ma ta tsiro. Ka tuge ta da hannu a shekararta ta farko, washegarin ruwan sama, ƙasa na da taushi, ka tabbatar doguwar saiwar ta fito gaba ɗaya, don in ta tsinke za ta dawo. Wadda ta yi kauri kuwa, a haƙa a zagaye gindin, a datse saiwoyin, a ciro kututturen, sannan a riƙa kewayawa ana karye duk tohon da ya leƙo.

Ta ƙofar gida ku bar ta, inuwa ce. Amma a riƙa share 'ya'yan da suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. Man da garin duka suna korar ƙwari daga wake.