Saratu: Asalin Sunan da Ma'anarsa

Jama'a, barkanmu da yamma. Kafin in shiga magana, duk wanda a danginsu akwai Saratu, kaka ce ko gwaggo ko ƙanwa, ya ɗaga hannu. To, madalla, ku sauke. Kun ga yadda sunan ya zama ɗan gida, Musulmi na sa wa 'ya'yansu, Kirista ma haka. Amma asalinsa daga harshen Ibrananci ne, wato harshen Yahudawa.

A Ibrananci, "sar" shi ne shugaba, mai faɗa a ji. Macensa ita ce "sara", wato gimbiya, mace mai daraja. Har gobe a wannan harshe minista namiji "sar" ake ce masa, mace kuma "sara". Mu ta hanyar Larabci sunan ya iso mana, shi ya sa muka ƙara masa "tu" a ƙarshe, kamar yadda muka yi wa A'ishatu da Hannatu.

Mai sunan ta farko kun san ta, matar Annabi Ibrahim, alaihis salam. A Littafin Farawa, littafin farko na Attaura, sura ta 17, an ce da farko Saraya ake kiranta, Allah ya sauya mata suna, ya yi mata alkawarin ɗa tana da shekara 90. Ta ji albishir ta yi dariya, kuma sunan ɗan nata, Ishaƙu, daga kalmar dariya ya fito a Ibrananci. Alƙur'ani ma ya kawo dariyar a Suratu Hud, aya ta 71, amma bai ambaci sunanta ba, "matarsa" kawai ya ce. A hadisi ne sunan ya zo. Attaura ta ce ta rasu tana da shekara 127, aka binne ta a wani kogo a Hebron, garin da Larabawa ke kira Al-Khalil, inda Masallacin Ibrahim yake yau.

Yanzu ina so ku ba ni hankalinku, domin wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. A watan Agustan 1938 gwamnatin Hitila a Jamus ta kafa doka: daga ranar 1 ga Janairun 1939, duk Bayahudiyar da sunanta bai nuna Yahudanci ba, tilas ta ƙara "Sara" a kan sunanta, maza kuma su ƙara "Isra'ila". A takardar shaida, a ofis, ko'ina. Ku duba fa, sunan da ke nufin gimbiya aka mayar da shi tambarin da za a riƙa ware mutum da shi don a wulaƙanta shi. Duk lokacin da na karanta wannan tarihi sai jikina ya yi sanyi.

Amma sunan bai dusashe ba. A Ingila da Wales, a shekarar 1974 da kuma 1984, babu sunan da aka fi raɗa wa jarirai mata kamarsa. A Amurka ma ya yi shekara fiye da 20 cikin sunaye goma na sahun gaba, tun daga ƙarshen shekarun 1970. Daga baya ya ja baya a can, sababbin sunaye suka sha gabansa.

Na ga 'yar'uwa a baya tana ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Hajiya, muna sauraro.