Jirgin ruwa mai filafilai: gudun tsere da tafiyar yawo a jiki ɗaya

Jirgin da muke magana a kansa, wanda iska ke turawa ta filafilan yadi, tsawonsa mita 12 ne, ƙafa 40 ke nan a lissafin masu wannan harka, kuma ba wani ne ya sa aka ƙera masa shi na musamman ba. Kamfanoni irin su Beneteau da Jeanneau a Faransa, da Bavaria da Hanse a Jamus, suna fitar da irinsa ɗaruruwa daga tsari guda, da jiki na fayba da ƙananan ɗakunan kwana da wurin girki. Masu sayar da shi sukan ce ya iya tsere ya kuma iya yawo da iyali, kuma maganar tana da gaskiya, amma sai an san inda gudun yake fitowa kafin a gane iyakarta.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne jirgin da yake kutsawa cikin ruwa yana ture shi, ba ya sulɓi a samansa, yana da wata iyaka ta gudu wadda tsawonsa ne ke yanke ta. Idan yana tafiya yakan tayar da igiyar ruwa a goshinsa da wata a bayansa, kuma yana ƙara sauri tazarar da ke tsakaninsu tana ƙara faɗi, har ta kai tsawon jirgin kansa, a nan sai ya zauna a cikin kwarin da ya haƙa wa kansa, ya zama kamar mai hawan tudu. Ana auna gudun teku da not, wato mil ɗaya na teku a awa, kilomita 1.852. Jirgin da ɓangarensa mai taɓa ruwa ya kai ƙafa 35 iyakarsa tana kusa da not 8, wanda yake da ƙafa 30 kuwa not 7 da 'yan kai. Saboda haka idan iska ta yi ƙarfi kuma tana zuwa daga gefe, jirgin tsere da jirgin yawo masu tsawo ɗaya sukan tafi kusan kafaɗa da kafaɗa, domin dukkansu sun isa bango guda.

Bambancin yana bayyana ne a wurare biyu, wato lokacin da iska ta yi rauni da kuma lokacin da aka nufi inda take fitowa. Babu jirgi mai filafilai da yake shiga iska kai tsaye. Dole ya riƙa karkata dama da hagu, yana yin kusurwa da ita ta kimanin digiri 45. Ku ɗauki misalin jirage biyu, kowannensu yana gudun not 6. Na farko yana iya matsewa har digiri 40, na biyu bai iya wuce 50 ba. Idan aka lissafa ainihin ci gaban da suke yi zuwa inda iska take, na farko yana samun not 4.6, na biyu 3.9, kuma a tafiyar mil 10 wannan ya zama ratar minti 25, alhali na'urar auna gudu tana nuna musu lamba ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ke ba jirgi wannan matsewa yana ƙarƙashin ruwa, inda mai saye ba ya cika dubawa. Akwai wata ƙafa mai nauyi da ake kira kil, wadda ke hana shi zamewa gefe, tana kuma miƙar da shi idan iska ta kwantar da shi. Kamfani yakan ba da zaɓi biyu: doguwa mai nutsewa mita 2 ko fiye, sau da yawa da dunƙulen dalma a ƙasanta, ko gajeriya ta baƙin ƙarfe mai kimanin mita ɗaya da rabi. Doguwar ta fi riƙe jirgi da cizon ruwa, sai dai tana hana shi shiga tashoshi da lungunan da ba su da zurfi, waɗanda su ne mai yawo yake so ya jefa anga a cikinsu ya kwana. Wannan zaɓi ne da ba a komawa a gyara shi da sauƙi, kuma a ganina ya fi duk sauran abubuwan da ke cikin takardar ciniki muhimmanci.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi raba hoton talla da jirgin gaske. Nauyin da kamfani ke rubutawa na jirgi ne kusan wofi. Mai yawo zai cika tankunan ruwa, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Zai ƙara man dizal, batura, ƙaramin kwalekwale da injinsa, kayan gyara, abinci da tufafi. Sarƙar anga mai kaurin milimita 10 kowace mita tana wuce kilo 2, don haka mita 60 ta haura kilo 130, kuma duk tana jibge a can goshin jirgi, wurin da nauyi ya fi ɓarna, domin yana sa jirgin sunkuyo da ɗagowa a kan kowace igiyar ruwa, kowane sunkuyo kuma yana cinye gudu. Shi ya sa ana gobe tsere za ku ga 'yan jirgi sun jera layi a kan gada suna miƙa wa juna katifu da tukwane da kujeru, sun rage ruwan tanki, wani kuma ya nutse da soso yana goge gansakuka da ƙananan halittun da suka manne a ƙasan jirgin. Ko farfelar inji tana da nata laifin, domin mai tsayayyun fikafikai tana jan ruwa kamar an ɗaura bokiti a baya, wadda take naɗewa kuwa tana rufe kanta da zarar an kashe inji.

Filafilan su ma ba ɗaya ba ne. Mai yawo yakan yi amfani da yadin Dacron, mai juriya da araha, wanda yake saki a hankali har cikinsa ya yi zurfi ya koma baya, jirgin ya riƙa kwanciya fiye da yadda yake gaba. Masu tsere suna sayen filafilai masu zaren kabon ko aramid, waɗanda suke riƙe siffarsu amma ba sa daɗewa. Haka nan babban filafilin da ake naɗewa cikin sandar tsakiya yana sauƙaƙa aiki ga mutum biyu, sai dai an yanke masa faɗi domin ya shiga.

Ku lura da abin da ke faruwa idan iska ta haura not 16 ko 18. Jirgin ya kwanta har ruwa yana lasar gefensa, matuƙi ya murɗa sitiyari yana kokawa da shi, allon tuƙi a ƙarƙashi ya juye ya zama birki. Ma'aikatan tsere, mutum takwas ko goma, za su zauna a gefen da ya ɗago, ƙafafu a waje, su danne shi da nauyin jikinsu. Mata da miji da suke tafiya su kaɗai ba su da wannan, sai su rage filafili, kuma abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne jirgin yakan miƙe ya ƙara gudu bayan an rage, domin irin waɗannan jirage masu faɗin baya sun fi tafiya idan kwanciyarsu ba ta wuce digiri 20 ba.

Cewa jirgin kamfani yana iya cin babbar gasa ba zato ba ne. A tseren Sidni zuwa Hobart na Ostiraliya, mai tsawon mil 628 na teku, wanda ake farawa ranar 26 ga Disamba, jirgin Beneteau First 40.7 ya zo na ɗaya a lissafin gyararren lokaci a 2003, First 40 kuma ya maimaita a 2009. Ba su ne suka fara isa ba. Akwai tsarin daidaito irin su IRC da ORC, inda ake auna kowane jirgi a ba shi lamba, a gyara lokacinsa da ita, ta yadda ƙarami zai iya doke babba idan an fi iya tuƙa shi.

Ga mai yawo lissafin daban ne. A gangamin ARC na jiragen yawo masu ƙetare Tekun Atlantika, wanda tun 1986 yake tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari na Sifaniya zuwa tsibiran Karebiyan, tafiyar zuwa Sent Lusiya kimanin mil 2,700 ce. Jirgin da ke cin mil 150 a yini zai yi kwana 18, kuma ƙarin rabin not zai rage masa kwana ɗaya da 'yan awoyi. Wannan riba ce, amma mutum biyu da ke karɓa-karɓar tsaro kowace awa uku ko huɗu sukan rage filafili kafin faɗuwar rana ko da iska ba ta tilasta musu ba, su yarda da asarar wannan rabin not, domin wanda ke ƙasa ya samu barci, wanda ke sama kuma kada ya fita kan bene shi kaɗai cikin duhu.