Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan dawisun da ƙafafunsa suka tale

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga Zariya ta fito. Mai tambayar ya ce ya sa wa kazarsa ƙwan dawisu uku, bayan kwana 28 biyu suka ƙyanƙyashe. Don gudun mage sai ya kwashe su ya sa a kwali, ya shimfiɗa musu jarida. Da gari ya waye ya tarar ƙafafun ɗaya sun tale, wannan ta yi gabas waccan ta yi yamma, sai jan ciki yake. Ya ce, ko shan inna ne?

To Malam, ba shan inna ba ne. Ni dai jaridar nan nake zargi. A kwanakin farko ƙafar tsako ba ta yi ƙwari ba. In ya taka abu mai santsi, jarida ce, leda ce ko tayil, sai ƙafar ta zame gefe, ya yunƙura ta sake zamewa, har ta zauna a haka. Saboda haka yau ɗin nan ka cire jaridar, ka shimfiɗa tsohon tawul ko buhun algarara, abin da faratansa za su kama.

Sai ka yi masa dabaibayi. Samo filasta a kemis, ka yanko siririya, ka naɗa a ƙwaurin kowace ƙafa, wato tsakanin gwiwa da yatsu. Ka bar tazara daidai yadda ƙafafun ɗan'uwansa mai lafiya suke in ya tsaya; shi ne ma'auninka. Kada ka ɗaure tamau. In ka ga ƙafar ta kumbura ko ta yi duhu, kwance maza. Kullum ka warware ka ga tsayuwarsa, ka sake sabo. Da farko zai yi ta kifewa yana tsuwa kamar ana yanka shi, kada tausayi ya sa ka cire. Tallafe shi da tafin hannu ya tsaya na 'yan mintoci, sau da yawa a yini. In an fara da wuri, galibi kwana uku zuwa mako ya isa. In kuwa aka bari ƙashi ya ƙosa, gyaran ya yi wuya.

Ruwan shansa a murfi marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin tsakon da ke da dabaibayi in ya faɗa ruwa ba ya iya tashi. Tunda ka raba su da kaza, ɗumi ma a wuyanka yake: wajen digiri 35 a makon farko, a riƙa ragewa sannu a hankali.

Ka kuma duba yatsun. In sun nannaɗe kamar dunƙulen hannu, sau da yawa ƙarancin bitamin B2 ne. Yanka kwali daidai tafin ƙafar, ka miƙe yatsun a kai, ka manne da filasta kwana biyu ko uku, ka sa bitamin na kaji a ruwansa. Amma in gwiwar ce ta kumbura, ƙafa ɗaya ta murɗe waje, to agara ce ta goce daga mazauninta. Wannan ta fi ƙarfin dabaibayi, sai likitan dabbobi.

Abinci kuma, don Allah kada a haɗa shi da dusa kawai. Ɗan dawisu na son abinci mai gina jiki sosai, irin na 'yan talo-talo. In na 'yan tsaki ka samu, ƙara masa dafaffen ƙwai da aka murmushe, da gara kamar yadda ake ba 'yan zabi.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma tana tambaya, dawisunta ya shekara ɗaya amma ba ta ga doguwar jelar nan mai idanu ba. Hajiya, a ƙara haƙuri. Namiji sai ya kai wajen shekara uku take cika. In kuma mace ce kika saya, ba za ta taɓa yin ta ba.