Mutuwa, Abin Kunya da Akwatin Rediyo

Balki: Jama'a barkanmu da warhaka. Balki ce, ga Yaya Habu kusa da ni. Yau zancen Mohbad muka ɗauko, mawaƙin nan na Legas da ya rasu ranar 12 ga Satumba 2023, yana ɗan shekara 27.

Habu: Kin tuna makonnin nan kuwa? Kusan duk tashar kudu da mutum ya murɗa, muryarsa ce. Har waɗanda ba su san shi da rai ba suka haddace waƙoƙinsa. Ana cikin haka Splash FM ta Ibadan ta daina sa waƙoƙin Naira Marley, mai kamfanin da yaron ya bari a 2022 bayan sun yi baram-baram.

Balki: Ni fa ban ga laifin tashar ba, Yaya. Zukata sun yi zafi, matasa suna kan titi suna neman a bi kadin jininsa. Ka sa waƙar wanda ake zargi da hannu a mutuwarsa a irin wannan rana?

Habu: Zafin gaskiya ne, ƙanwata. Amma zargi ne fa! Tasha ta yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba. A 2025 kotu a Yaba ta Legas ta sallami Naira Marley, aka ce babu hujja a kansa.

Balki: To R. Kelly fa, mawaƙin nan na Amurka? Mata sun yi shekaru suna kukan ya ci zarafinsu ta hanyar lalata, ana ta kaɗa waƙarsa. Sai a 2019 wasu tashoshin Amurka suka janye, kotu kuwa ba ta kama shi da laifi ba sai 2021. A ce a jira kotu kenan?

Habu: Nan kam kin ɗaure ni. Sai dai abin da ke ci mini rai, yawanci ba tausayi ke juya tasha ba, tsoron masu talla ne da masu bugo waya.

Balki: Mu a nan Arewa lamarin ya sha bamban. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos 2015, har gobe ana jin su a zaɓen masu sauraro.

Habu: Ana ji, ana kuma saka talla kafin waƙar da bayanta. Wallahi ina so wani manajan tasha ya zo nan ya faɗa mana nawa ke isa hannun magadansu.

Balki: Ƙofa a buɗe take. Masu aiki a gidajen rediyon Kano da Kaduna, ku turo mana saƙon murya, za mu sa a shiri na gaba.